Ga masu neman kiɗan goge na Turawa a rediyo da dare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙanena a Marwa ya tambaye ni ta ina nake jin kiɗan su Mozart da Beethoven alhali ina zaune a Garwa, sai na ga gara in faɗa wa kowa.

Ni gidan rediyon Faransa mai suna France Musique nake kamawa ta intanet a waya, suna sa konser, wato wasan makaɗa, da ƙarfe 8 na dare agogon Faransa. To a nan ne mutane ke rikicewa, don su suna canza agogo mu ba ma canzawa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba ƙarfe 8 ɗinsu ƙarfe 7 ne a wurinmu, sauran watanni kuwa agogonmu ɗaya. Mutanen Injamena ma haka lissafin yake. Ni dai na fi son lokacin sanyi, na riga na yi isha'i na ci tuwo hankalina kwance.

Ku sa abin kunne don Allah, lasifikar waya tana cinye ƙaramin sauti, kuma daɗin kiɗan nan yana wurin da gogen ke yin ƙasa-ƙasa kamar raɗa kafin ganguna su taso gaba ɗaya. In kun ji shiru kada ku ce rezo ne ya tafi ku kashe, simfoni, wato dogon kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi, yawanci kashi 4 ne, suna ɗan tsayawa tsakani ba a tafa musu. Wani ya kan wuce awa guda, saboda haka a cika caji tun da rana kafin a ɗauke wuta.