Farauta kai kaɗai a duwatsun Jos: yadda za ka riƙe hanya ka dawo gida

Maharbin da ya fita shi kaɗai ba kasafai yake ɓata yana tafiya a natse ba. Yakan ɓata ne sa'ad da ya harbi gada ta ƙi faɗuwa, ya duƙufa kan sawun jini, ya zagaya dutse biyu, ya tsallaka kwazazzabo, sai ya ɗaga kai ya tarar duwatsun duk kamarsu ɗaya. A dajin da ke kewaye da Jos wannan abu ne mai sauƙin faruwa, domin ƙasar cike take da tulin duwatsu da ramukan kuza da gangara mai yankewa ba zato. Wanda ya fita da abokai, kuskurensa wani zai gyara. Wanda ya fita shi kaɗai kuwa, tun daga gida zai tsara dawowarsa.

Kafin ka sa takalmi

Ka faɗa wa mutum ɗaya mai hankali abu uku: ta inda za ka shiga, ɓangaren da za ka nufa, da lokacin da in ya wuce ba ka dawo ba a fara nemanka. Kada ka ce "sai yamma". Ka ce "in an yi sallar Isha ba ku gan ni ba, ku je wurin Sarkin Baka". In ka faɗi haka, to ka tsaya a kan abin da ka faɗa. Masu nema inda ka ambata za su fara dubawa, kuma in ka sauya shawara ka tsallaka wani kwari, an yi asarar dare guda ke nan.

Sannan ka biya ta wurin mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke bakin dajin ka gabatar da kanka. A Filato ta yau wannan ya wuce ladabi, kariya ce. Baƙon fuska ɗauke da bindiga a bayan gonakin mutane, kafin ya buɗe baki an riga an yanke masa hukunci. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ya isa ya sa kowane maharbi ya riƙa tafiya da katin shaidarsa, da katin ƙungiyar maharba, da takardar bindigarsa ko da ta toka ce. Mutanen ƙauyen ne kuma za su gaya maka inda ba a shiga a wannan makon, da dutsen da suke girmamawa, da inda aka ɗana tarko. In sun ce kada ka je, ka koma gida. Gandun namun daji irin na Pandam da na cikin Jos ba wurin farauta ba ne ko kaɗan.

Abin da za ka zuba a burgami ba shi da yawa: ruwa lita 3, fitilar goshi da batir na ajiya, ashana a ƙulle cikin leda, usur, adda, wuƙa, igiya mai tsawon mita 10, babbar leda mai kauri wadda za ta rufe ka, rigar sanyi, bandeji biyu, ƙunshin sukari da gishiri, da guzuri mara nauyi kamar ƙuli-ƙuli, dabino da garin rogo. Takalmi ya rufe idon sawu, wando ya zama mai kauri.

Layin da ba za ka iya tsallake shi ba ka sani ba

Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace muhimmanci. Kafin ka shiga, ka zaɓi wani abu dogo da ya ratsa ƙasar, wanda duk inda ka ɓullo masa za ka gane shi: kwalta, layin dogo, manyan turakun wutar lantarki, ko rafi. Ka san kuma ɓangaren da yake daga inda za ka yi farauta. Misali, wanda ya hau duwatsun Shere ya san gari yana yamma da shi. Wanda ya bar titi ya shiga gabas, ya san ko ya rikice gaba ɗaya, in ya miƙe yamma sai ya faɗo kan titin. Ba ka bukatar ka tuna kowace kwana da ka sha. Kalma ɗaya za ka riƙe.

Akwai ƙarin hikima a nan. In ka ajiye babur a wani wuri a bakin titin, kada ka nufi babur ɗin kai tsaye wajen dawowa, domin in ka fito ba ka gan shi ba, ba za ka san ko yana dama ko hagu ba. Da gangan ka karkata zuwa hannu ɗaya, ka ce dama. In ka taka kwalta ka san hagu za ka juya.

Cikin tafiya, duk bayan minti goma ka juya ka kalli bayanka. Dutsen da ka wuce yana da fuska biyu, kuma ta bayan ce za ka gani wajen dawowa. Ka sa wa abin da ka gani suna a zuciyarka: dutse mai hula, ɓaure mai reshe karyayye, kududdufi mai jan gaɓa. A mararraba ka ɗora duwatsu uku kan juna, ko ka ƙulle kan ciyawa. In ka harbi dabba za ka bi ta, kafin ka ɗaga ƙafa ka ɗaura ƙyalle a inda kake tsaye, ka dubi rana a wace kafaɗa take.

Gane gabas da yamma

Da hantsi da la'asar rana ba ta ruɗi. Da tsakar rana ne ake shan wahala, domin a Jos tana bi kusan ta tsakiyar kai. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta inuwar tsakar rana kudu take karkata, sauran watanni kuma arewa, don haka kada ka haddace ƙa'ida ɗaya ka ce ita ce ta duk shekara. Abin da ba ya sauyawa shi ne wannan: ka kafa sanda mai tsawon kamu biyu a fili, ka ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta, ka jira minti 20, ka ajiye wata a inda inuwar ta koma. Tsakuwar farko tana yamma, ta biyu tana gabas. Ka sa ƙafar hagu a ta farko, ta dama a ta biyu, fuskarka na kallon arewa.

Iska ma tana magana. Ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, amma hadari galibi daga gabas yake tasowa. Sai dai a cikin kwari da tsakanin duwatsu iska tana juyawa, saboda haka a kan tudu kawai za ka yarda da ita. Tauraron arewa kuwa a nan ƙasa-ƙasa yake, kamar dunƙulen hannu ɗaya daga inda sama ta haɗu da ƙasa, kuma hazo ko tsauni kan ɓoye shi.

In kana da kamfas, ko manhajar alƙibla a waya, ka kula da abu biyu. Na farko, ƙarfe yana jan allurar: ka jingine bindiga da adda, ka matsa taku biyar kafin ka karanta. Na biyu, mun saba ce wa alƙibla gabas, amma daga Jos alƙibla tana kan digiri 65 ne, gabas ta ainihi kuwa 90. Wanda ya ɗauki alƙibla a matsayin gabas ya yi tafiyar kilomita 5, zai fito kimanin kilomita 2 nesa da inda ya nufa.

Waya tana da amfani ko babu sabis, domin na'urar gano wuri da tauraron ɗan Adam take aiki. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gari, ka dasa alama a inda ka shiga, sannan ka kashe neman sabis, wanda shi ne ke cinye batir a daji. In ka hau tudu ka kunna ka samu sabis ko da sanda ɗaya ne, ka tura wa na gida inda kake ta WhatsApp. Lambar gaggawa 112 ce.

Shawarar nan da ake yawan bayarwa, wai ka bi ruwa zai kai ka gari, ka yi hattara da ita a Filato. Tudun Jos marabar koguna ne: Delimi ta yi arewa, ruwanta Tafkin Chadi yake nufa, wasu rafukan sun gangara Kogin Kaduna, wasu Gongola, wasu Binuwai. Rafi biyu da suka taso kusa da juna na iya raba ka da gida har abada. A gefen tudun kuma ruwa ba ya gangara a hankali, zubowa yake daga bisa, kamar yadda ake gani a Assop. Rafin da ka san sunansa da inda ya nufa kaɗai za ka bi.

In ka gane ka ɓata

Ka zauna. Ka sha ruwa, ka bari numfashinka ya daidaita. Mutumin da ya firgita sauri yake ƙarawa, kuma in babu alamar da yake bi, zagaye yake yi yana tsammanin ya miƙe. Ka sa alama babba a inda kake, ka gwada ɓangare ɗaya na minti biyar, ka dawo, ka gwada wani. In ka fitar da gabas da yamma, ka zaɓi itace ko dutse a gabanka kan layin, ka isa gare shi, ka zaɓi na gaba.

Ka auna ranar da ta rage: miƙe hannu, jera yatsu tsakanin rana da bakin sama, kowane yatsa kamar minti 15 ne. Bayan faɗuwar rana hasken da ke saura bai fi na minti 20 zuwa 25 ba. In saura yatsu huɗu ba ka ga layinka ba, ka daina neman hanya ka fara neman makwanci. Tafiyar dare a ƙasar kuza ganganci ne. Wajen Bukuru, Barikin Ladi da Rayfield akwai tafkunan da haƙar kuza ta bari, masu zurfi da gaɓa a tsaye, ga kuma rijiyoyin loto, wato ramukan haƙar kuza masu ƙaramin baki da ciyawa ke rufewa. Wanda ya faɗa ɗaya shi kaɗai, ko ihunsa ba ya fita.

Sanyin Jos yana iya kayar da ƙato. Gari yana bisa tudun da ya haura mita 1,200, ƙololuwar Shere ta kai kusan 1,800, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko zuwa digiri 10 ko ƙasa. Ka cire rigar da ta jiƙe da gumi, ka tara busasshiyar ciyawa ka kwanta a kai, domin dutse zuƙe ɗumin jiki yake. Ka share fili taku uku kowane gefe kafin ka hura wuta. Da damina, in aka fara walƙiya, ka sauko daga kan dutse, ka ajiye bindiga nesa, kada ka fake a gindin itace tilo. Kada kuma ka kwana a cikin kwazazzabo, ruwan da aka yi a wani wuri zai iya isowa da dare. Alamar neman taimako busa usur sau uku ce, ka yi shiru, ka maimaita.

Maciji, bindiga, jini

Kasa ba ta gudu, kwanciya take a kan hanya kamar busasshen ganye. Kububuwa ta fi yawa a gangaren kudu, wajen Langtang, Wase da Shendam, kuma dafinta hana jini daskarewa yake: mutum na iya jin sauƙi yau, gobe dasashinsa ya fara zubar da jini. Kada ka sa hannu a ramin gafiya ko ƙarƙashin dutse. Ka taka kan gungume ka duba, kafin ka sauka bayansa. In an sare ka, ka cire zobe da agogo, ka ɗaura wa gaɓar itace kamar karaya don kada ta motsa, ka kira a zo da babur. In dole ne ka taka, ka tafi a hankali da sanda. Kada ka ɗaure da igiya tamau, kada ka tsaga, kada ka tsotsa, kada ka tsaya jiran baƙin dutse ko jiƙo. Allurar kashe dafi ce magani, kuma asibitin Zamko a Langtang da na Kaltungo a jihar Gombe sun shahara da wannan aiki. In kumurci ya tofa maka a ido, ka yi ta wankewa da ruwa na minti 15. Haka za ka yi in ruwan ƙerana, wadda manoman Filato ke shinge da ita, ya fantsamar maka.

Bindigar toka tana fashewa ne saboda ɗayan uku: albarushi ya yi yawa, an yi ɗuri kan ɗuri da mantuwa, ko bakinta ya toshe da laka bayan tuntuɓe. Ka yi wa ƙarfen ɗurinka zane biyu, ɗaya na bindiga wofi, ɗaya na ɗuri guda. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka riƙe ta tana kallon gaba har minti ɗaya, domin danshi kan jinkirta wuta. Kada ka hau dutse ko ka tsallaka rafi da ita a ɗane, kada ka jawo ta ta baki. Harsashi yana dawowa in ya bugi dutse. Kuma motsin ciyawa ko ƙyallin ido ba abin harbi ba ne sai ka ga dabbar gaba ɗaya, don a dajin nan akwai makiyaya da mata masu itace da masu haƙar kuza.

In jini ya ɓalle, ka danna da ƙyalle da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa. In yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, a nan ne ɗauri yake da amfani: ƙyalle mai faɗi, yatsu huɗu sama da raunin, ka murɗa da itace har jinin ya tsaya, ka duba agogo ka riƙe lokacin don likita. In kasala da jiri suka kama ka, ka zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa. Ruwan rafi sai an tafasa, na tafkin kuza kuwa a bar shi.

Wajen fiɗa, ka sa leda a hannu in kana da ƙujewa, kada ka ɗauki mushe, ɓera kuma ka bar shi inda yake, domin zazzaɓin Lassa daga jikinsa yake fitowa. Da ka taka kwalta, kafin ka tayar da babur, ka kira wanda ka bar wa saƙo ka ce ka fito, don kada mutane su shiga daji da dare suna nemanka.