Yadda Ake Huda Ƙasar da Ta Dankare Domin Ciyawa Ta Farfaɗo

A filin ƙwallon ƙauye, ko harabar makaranta, ko kusa da rijiyar da shanu ke taruwa, akan ga ruwan sama ya kwanta ya ƙi nutsewa, ciyawar wurin kuma ta tsumbure ko da an zuba mata taki. Tattaki ne ke jawo haka: sawun mutane da kofaton dabbobi da tayar amalanke sukan danne ƙasa har kafofin da iska da ruwa ke bi zuwa saiwa su toshe. Abin ya fi tsanani a ƙasar laka irin ta fadamun Haɗeja da Auyo, domin jigawa mai rairayi ba ta cika dankarewa ba.

Kafin a taɓa komai, a gwada ƙasar kwana ɗaya bayan an yi ruwa. A soka ƙusa mai inci 6 da hannu. Idan ta ƙi shiga sai da guduma, to ƙasar tana bukatar huda.

Lokacin da ya dace shi ne bayan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, sa'ad da ciyawa irin kiri-kiri ke cikin ƙarfin yaɗuwa kuma za ta iya rufe ramukan da kanta. Huda ƙasa da rani wahalar banza ce, huda ta cikin taɓo kuwa ƙara dankarar da ita yake yi. Danshi ake nema, ba caɓi ba.

Mutane da yawa sukan ɗauko fartanya su kafce wurin, amma wannan yana datse saiwar da ake son ceto. Cebur mai yatsu ko rodi mai tsini zai yi aiki a ƙasa mai sauƙi. A laka kuwa gara a kai wa maƙeri guntun bututun ƙarfe mai kaurin babban yatsa, ya wasa bakinsa, ya yanke taga a gefe, ya kuma yi masa matakin ƙafa, saboda rodi matse ƙasar yake yi zuwa gefen rami, shi kuwa bututu zaro ta yake yi waje, ya bar sarari na gaske.

A huda zurfin santimita 7 zuwa 10, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin ramuka, a kuma maimaita a wuraren da aka fi takawa, kamar gaban raga. Curin ƙasar da ya fito a bar shi ya bushe, sannan a farfasa shi da manjagara. Daga nan a barbaɗa ruɓaɓɓen takin awaki da aka gauraya da yashi, a share shi da tsintsiya ya faɗa cikin ramukan. Ɗanyen taki yana ƙona ciyawa.

Sai a killace wurin da ƙaya ko dangan kara na tsawon mako 2 zuwa 3, domin kada awaki su cinye sabon toho. A ƙasar laka da ake yawan takawa a maimaita aikin kowace damina.