Yadda za ka sa kwamfuta ta rubuta maka jadawalin algoridim na kowace siga

Duk mai kula da saba (server, kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a Abuja ya san wannan tambayar: banki ko abokin hulɗa ya aiko da takarda, yana so a faɗa masa wane algoridim na ɓoye bayanai manhajarku take karɓa, a wace siga. Mutane kan buɗe Excel su cika da hannu. Bayan wata shida jadawalin ya zama ƙarya, domin OpenSSL da OpenSSH, manhajojin da ke wannan aikin ɓoyewar, ba sa tsayawa wuri guda. Gara ka tambayi manhajar da bakinta.

Da farko ka tara sigogin da ake aiki da su a wurinka. Docker, wanda ke gudanar da kowace siga a keɓe cikin kwantenarta, ya fi sauƙi: Ubuntu 20.04 na zuwa da OpenSSL 1.1.1 da OpenSSH 8.2, Ubuntu 22.04 kuma da OpenSSL 3.0 da OpenSSH 8.9. Ka sauke kwantenonin sau ɗaya a ofis, ka girka `openssl` da `openssh-client` a ciki, ka ajiye, kada su cinye maka data a gida.

Na biyu, a cikin kowace kwantena ka gudanar da `openssl version`, `openssl ciphers -v`, `openssl list -digest-algorithms`, sannan `ssh -Q cipher` da `ssh -Q kex`. Kowace amsa ta shiga fayil ɗinta mai sunan sigar.

Mataki na uku shi ne inda ake yawan tuntuɓe. Abin da manhaja ta sani daban, abin da take yarda ta yi amfani da shi daban. `ssh -Q` yana nuna duk abin da aka gina a ciki, har da wanda aka kashe. `ssh -G` da sunan saba shi ke nuna abin da za a miƙa in an zo haɗuwa. Dubi ssh-rsa, algoridim na sa hannu a SSH: tun OpenSSH 8.8 na 2021 aka daina karɓar sa hannunsa na SHA-1 sai in kai ka kunna, amma `ssh -Q key` zai ci gaba da lissafa shi. Haka OpenSSL 3.0 ya kwashe RC4, MD4 da Blowfish ya kai su ɓangaren tsofaffi. Ba za su yi aiki ba sai ka ƙara `-provider legacy`. Saboda haka kowane gida a jadawalinka ya ɗauki ɗaya cikin uku: a kunne, akwai amma a kashe, babu. Wanda ya rubuta "eh" da "a'a" kawai, ranar da tsohuwar na'urar wani reshe ta ƙi haɗuwa da sabuwar saba zai rasa inda matsalar take.

Na huɗu, rubuta ɗan shiri da Python ya karanta fayilolin, ya jera sunayen algoridim a gefe, sigogi a sama, ya fitar da jadawalin a tsarin rubutu na Markdown. Ka daidaita manya da ƙananan baƙaƙe kafin kwatantawa, in ba haka ba abu ɗaya zai fito maka layi biyu.

Daga nan sai ka ɗora shirin a GitHub Actions, mai gudanar da shiri da kansa, ya riƙa gudana duk mako, ya ajiye sakamakon a Git, mai adana tarihin canjin fayiloli. Ranar da ka ƙara OpenSSL 3.5, wanda ya fito a 2025, `git diff` zai nuna maka sababbin algoridim ML-KEM da ML-DSA sun shigo, in dai ka haɗa da `openssl list -kem-algorithms` da `-signature-algorithms` cikin umarnin mataki na biyu.