Yadda ake ceto bayanai daga faifan BitLocker da ya lalace

Idan faifan da aka kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ya fara gardama, ko Windows ta ce sai an yi masa fomatin, ko fayiloli su riƙa buɗewa a hargitse, to a dakata. Kada a danna Format, kada kuma a saki chkdsk, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi, a kansa. Duk abin da aka rubuta a kan faifan a wannan hali yana iya taka ɗan abin da ya rage.

BitLocker ɓoye bayanai yake yi, ba ya duba ko sun lalace. A tsarin XTS-AES da Windows 10 da 11 ke amfani da shi, ɗigon bayani (bit) ɗaya tak da ya sauya a kan faifai zai ɓata bayit 16 idan an buɗe. Wannan da sauƙi. Babbar asarar ita ce lalacewar wurin da aka adana mabuɗin faifan, domin a nan komai ke rufewa gaba ɗaya. Shi ya sa BitLocker ke ajiye kwafi 3 na wannan bayani a wurare daban-daban, kuma su ne abin dogaro wajen ceto.

Da farko a nemo mabuɗin ceto: lambobi 48 ne, rukuni 8, kowanne lamba 6. Yawanci yana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar, a account.microsoft.com/devices/recoverykey, ko a takardar da aka buga, ko wajen ma'aikatan kwamfuta idan ta ofis ce. A gwada lambar shaidar mabuɗin da wadda allo ya nuna, don mutum yana iya samun mabuɗai da yawa. Kowane rukuni yana rabuwa da 11 ba saura. Wanda bai rabu ba, kuskure aka yi wajen kwafa. In babu wannan mabuɗi kuma babu kalmar sirri, babu mai gyaran da zai buɗe faifan, ko me ya yi alkawari.

Sai a duba lafiyar faifan kansa. A sauya kebul da ramin USB tukuna, don kebul mai sako-sako kaɗai yana jawo wannan. A buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, a duba layuka 05 da C5 da C6. Idan ainihin ƙidayarsu (Raw Values) ta wuce sifili, musamman tana ƙaruwa, faifan na kan hanyar mutuwa. Idan kuwa yana ƙara ƙas-ƙas, a kashe shi a kai wa ƙwararru.

Matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi muhimmanci, shi ne kwafe faifan ɗungurungum kafin a taɓa shi. A tada kwamfutar da Linux daga filas, a haɗa wani faifai mai girman na farko ko fiye, a tabbatar da sunayensu da lsblk (juya su yana shafe na asali), sannan a yi amfani da ddrescue, manhajar kwafe faifai. A wannan misali /dev/sdb ne na asali, /dev/sdc kuma sabon:

ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sdc taswira.log

Wannan zai kwashe wuraren da ke karantuwa ba wahala. Sai a koma kan masu taurin kai:

ddrescue -f -d -r3 /dev/sdb /dev/sdc taswira.log

A ajiye taswira.log, fayil ɗin da ke rubuta inda kwafin ya kai, inda ba zai goge ba, don ko an ɗauke wuta a ci gaba daga inda aka tsaya. Da an gama, a cire na asali a ajiye gefe. Kada a haɗa su biyun a Windows lokaci guda, saboda shaidarsu ɗaya ce, za ta ƙi ɗora ɗaya.

Yanzu a kan kwafin za a yi aiki. A buɗe Command Prompt da ikon admin, a rubuta manage-bde -unlock E: -rp sai lambobin 48 (E ne harafin da Windows ta ba kwafin). Idan ya buɗe, a kwashe muhimman fayiloli nan take, sannan a yi chkdsk E: /f.

Idan ya ƙi, sai repair-bde, umarnin Windows na ceto faifan BitLocker. Yana buƙatar faifai na uku wanda babu komai a kansa, domin zai shafe shi tas:

repair-bde E: F: -rp sai lambobin 48

E ne kwafin mai matsala, F ne inda za a zuba bayanan a buɗe. Faifan tera 1 ta USB yana cin sa'o'i, don haka a nemi wutar da ba za ta yanke ba. Bayan ya gama a yi chkdsk F: /f. Sai dai repair-bde ba ya gyara faifan da ya lalace ana tsakiyar kulle shi ko cire masa kulle, domin yana ɗauka cewa an kulle faifan duka. A irin wannan, a fara gwada manage-bde -resume a kan kwafin bayan an buɗe shi.

Idan faifan lafiya lau yake amma fayiloli na ci gaba da lalacewa, a tuhumi RAM. A bar Memtest86+, mai gwada RAM, ya zagaya aƙalla sau 4. Kuskure ko ɗaya ya isa a sauya sandar RAM ɗin. Filas na jabu ma yana yin haka, wanda ke nuna giga 128 alhali bai kai ba. H2testw, mai gwada filas, zai tona shi, amma a kan filas da babu komai a ciki ake gwajin.