Darasi Na 9: Fosfet A Cikin Ruwan Teku

Duk wanda ya taɓa sayen takin kamfa ya ga haruffa uku a jikin buhu: NPK. Na tsakiyar, wato P, daga wani dutse ake samo shi, sunansa fosfet. Takin sufa ma daga shi ake yi. Maroko ta fi kowace ƙasa arzikin wannan dutse. Akwai shi a Togo, mu ma muna da shi a Jihar Sakkwato.

Dutsen ba ya narkewa nan take kamar gishiri. Ruwan sama ne ke cin sa kaɗan-kaɗan, koguna su kwashe su kai teku. A can akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsirrai da ido ba ya gani, suna yawo a saman ruwa, kuma fosfet abincinsu ne. Ƙananan halittu su ci tsirran, kifi ya ci halittun. Shi ya sa gaɓar Muritaniya da Senegal ke da kifi sosai, domin a wurin ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama ɗauke da wannan abinci.

To amma idan ya yi yawa fa? Ba sai mun je teku ba. Ku tsaya bakin kududdufin unguwarku da rani, ku duba. Kwatamin gidaje duk a ciki yake ƙarewa, kuma bahaya da ruwan wanki suna ɗauke da fosfet. Ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta rufe shi, sanda ma in ka tsoma sai ta fito da yauƙi. Idan gansakukar ta mutu sai ta nutse, ƙwayoyin cuta su ruɓar da ita, a wajen ruɓarwar kuma su shanye iskar da ke cikin ruwan. Da asuba sai ka ga kifi ya taso yana haki, wani ya juya ciki sama. Abin ba daɗin gani.

Haka ake yi a teku. Kogin Misisifi na Amurka yana kwaso takin gonaki ya zuba a Tekun Meziko, kuma kowace shekara lokacin zafi wani makeken yanki yana rasa iska, kifi ya gudu, mai rarrafe ya mutu.

Ruwanmu na Kano ba ya isa teku. Kogin Kano da Challawa suna haɗuwa su bi ta Haɗeja, su nufi Tafkin Cadi. Amma masuntan wannan hanya 'yan'uwanmu ne. Don haka manomi ya binne taki a gindin shuka, kada ya watsa idan hadari ya haɗo, kada kuma ya zuba dab da bakin rafi.

Aikin gida: Ku ɗebi ruwan kududdufi a kwalba biyu. Ku sa ɗan takin kamfa a ɗaya, kamar ƙwaya biyar, ɗayar ku bar ta haka. Ku ajiye su inda rana ke bugawa, nesa da yara. Bayan kwana 10 ku kawo su aji, kowa ya rubuta launin da ya gani.