Yadda za ka tace katunan bitar likitanci kafin su yi maka yawa

Manhajar Anki, wadda ake bita da ita ta katunan tambaya da amsa, tana fito maka da sababbin katuna 20 kowace rana idan ba ka sauya tsarinta ba, kuma a haka bitar da za ta riƙa jiranka kullum takan kai wajen katuna 200. Ko daƙiƙa 10 kake ba kowane kati, ka haura rabin awa. Ɗalibin da ke zagayen marasa lafiya tun safe a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Shika, ko sabon likitan da ya kwana a ɗakin gaggawa, in ya tsallake kwana 3 sai ya tarar da tulin da zai sa ya rufe wayar. Don haka tacewa ake fara yi, sannan a shiga bita.

Idan tarin katunan da wani ya shirya ka sauke, zaɓe su duka ka dakatar da su, kada ka goge. Sai ka riƙa buɗo na sashen da kake ciki kawai, kana yi wa kowanne tambaya biyu: sau nawa ake ganin wannan a asibitocinmu, kuma idan na manta shi a gaban majinyaci, zan samu sararin duba littafi? Wanda ake gani kullum kuma ba ya jira, yi masa jar alama. Su ne za ka fara da su kowace safiya, ko da su kaɗai ka iya yi.

Galibin masu jar alama adadin magani ne na gaggawa. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: artesunate ta jijiya, miligiram 2.4 ga kowane kilo, a awa 0 da 12 da 24, amma yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi. Faɗuwar sukari a yaro: mililita 5 ga kowane kilo na dextrose kashi 10 cikin ɗari. Babban mutum da jikinsa ya yi mummunar borin magani, numfashi na sarƙewa: adrenaline miligiram 0.5 a tsokar cinya.

A nan ne ake yawan ɓata kati, ta hanyar cusa masa shafi guda. Ɗauki jijjigar masu ciki. Idan ka rubuta "yaya ake ba da magnesium sulphate?" ka jibga komai a bayansa, za ka tuna rabi, ka danna cewa ka sani, rabin da ya kuɓuce kuwa shi ne mai haɗari. Raba shi. Kati ɗaya ya tambayi kashin farko a tsarin Pritchard: giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Na biyu ya tambayi na ci gaba, giram 5 a tsoka duk awa 4. Na uku, abin da ake dubawa kafin a sake allura, wato zaburar gwiwa, numfashi da yawan fitsari. Na huɗu, makarinsa: calcium gluconate giram 1. Kowane kati amsa ɗaya, wadda za ka iya faɗa da baki cikin numfashi guda.

Manyan tarin katunan da ke yawo a intanet an shirya yawancinsu ne don jarrabawar Amurka. Suna da kyau a ilimin halittar jiki da aikin magunguna, amma za su ɓata maka lokaci a kan cutar Lyme, wadda aka fi gani a can, alhali sikila, tarin fuka, tamowa da saran maciji ba su samu rabon da ya dace da nan ba. Waɗannan kai za ka rubuta su da hannunka, daga abin da babban likita ya tambaya a zagaye ka kasa amsawa. Ka lura da ma'auni ma: sukarin jini a mg/dL sai an raba shi da 18 ya koma mmol/L, kuma kati ya ɗauki wanda ɗakin gwajin asibitinku ke rubutawa.

Yanayi ma yana da ta cewa. Kafin damina ta kankama, buɗo na zazzaɓin cizon sauro da kwalara. Da rani kuma na Lassa, sanƙarau da ƙyanda.

Ɗalibi mai jarrabawa a gabansa ba zai iya watsar da ƙananan bayanai ba, sai dai tsofaffin tambayoyin sashe su nuna masa waɗanda ake maimaitawa. Sabon likita kuwa ya bar katunan ilimin tushe a dakace, zai neme su ranar da ya zauna shirin jarrabawar farko ta ƙwarewa.

A ƙasan duk katin magani, rubuta inda ka samo adadin da shekararsa, domin ƙa'idoji suna sauyawa. Tsohon kati zai iya ce maka quinine ne zaɓin farko a zazzaɓi mai tsanani. Katin da ka faɗi sau 8 kuma Anki da kanta takan yi masa alama, ta kuma dakatar da shi idan haka tsarinta yake. Kada ka mayar da shi yadda yake: koma littafi ka fahimci dalilin amsar, sannan ka sake rubuta tambayar da siffar majinyaci, misali yaro mai kilo 14 da aka kawo yana jijjiga da zazzaɓi, miligiram nawa za ka ja a sirinji.