Darasi na 9: Sayen Tukunyar Lantarki Mai Dahuwa a Hankali

Karatu

Ranar da muka yi lissafin kuɗin gas a aji, wata ɗaliba mai sana'ar ɗinki a Kasuwar Barci ta ce ƙanwarta ta ba ta labarin wata tukunya da ake zuba nama da safe, a tafi aiki, a dawo da yamma a tarar ya yi luguf. Ta tambaya ko gaskiya ne. Gaskiya ne, akwai ta, kuma ana samun ta a shagunan kayan wuta na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da manyan kantuna na cikin gari. A jikin kwalinta an rubuta SLOW COOKER. Mu a nan za mu kira ta tukunyar sannu.

Kashi uku ce. Akwai gangar ƙarfe ta waje wadda wayar zafi ke cikinta, akwai tukunyar tangaran mai nauyi da ake ɗorawa a ciki, sai murfin gilashi. Ba ta tafasa abinci fat-fat kamar murhun gawayi. Zafinta kan tsaya kusa da tafasa, ya yi ta aiki awa shida, awa takwas, har jijiyar nama ta saki. Shi ya sa ta dace da ƙafar saniya, da bindi, da ganda, da kan rago na layya, da farfesun kayan ciki, da wake. Tuwo ba aikinta ba ne, domin tuwo sai da tuƙi. Suya ma haka. Shinkafa kuwa idan ta daɗe a ciki caɓewa take yi. Kada ku haɗa ta da tukunyar firesha mai huci: ita waccan sauri ne aikinta, wannan kuwa jinkiri.

Kafin tukunya, a fara duba wuta

Wannan shi ne babban abin da nake so ku riƙe. Tukunyar sannu an yi ta ne don gidan da wuta ke zama. Kafin ki ƙirga kuɗi ki nufi kasuwa, ki zauna ki ƙirga awa nawa wuta ke yi a unguwarku ba tare da an ɗauke ba.

An raba layukan wuta zuwa rukuni biyar, kuma harafin rukuninku yana jikin takardar bil ko rasidin katin mita. Rukunin A an yi masa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. To amma jimillar awanni daban, zaman wuta a jere daban. Awa 12 da ake kawowa a gutsuttsure, biyu da safe, uku da rana, sauran cikin dare, ba za su dafa ƙafar saniya ba. Ki samu littafinki na rubutu, ki yi mako guda kina rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke. Idan kin ga akwai wani lokaci da takan zauna awa shida zuwa takwas, ko da cikin dare ne, tukunyar za ta yi miki amfani. A watan azumi ma wannan ya fi daɗi: a ɗora bayan sallar asham, a sauke da sahur. Idan babu irin wannan lokacin, kuma gidan ba shi da sola mai batir, shawarata ki bar kuɗinki a aljihu. Tayar da janareta awa takwas don farfesu asara ce.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan ba ɗanyen nama ba ne kawai. Naman da ya ɗumama bai dahu ba, ya zauna a rufe cikin zafin Kaduna na watan Maris ko Afrilu, ƙwayoyin cuta ne ke yaɗuwa a cikinsa. Idan an ɗauke wuta kina gida, ki juye abincin a tukunyar ƙarfe ki ƙarasa shi nan take a kan gas ko gawayi. Idan kuwa kin dawo kin tarar tukunya ta huce, ba ki san tun yaushe aka ɗauke ba, kada a ci, ko da ƙamshinsa bai canza ba. Na san zubar da nama akwai ciwo, amma kwanan asibiti ya fi shi tsada.

Mai murɗawa ko mai lambobi

A shago za a nuna miki iri biyu. Ɗaya tana da maɓalli guda da ake murɗawa da hannu. Ɗayar tana da allo mai haske da lambobi da agogo, ta fi kyan gani, ta fi tsada, kuma mai shago ita zai fi yaba miki. Ni mai murɗawa nake ba ɗalibaina shawara. Idan wuta ta ɗan yi ƙifta ido ta dawo, mai murɗawa ci gaba take yi da aikinta, domin maɓallin yana nan inda kika bar shi. Da yawa daga cikin masu lambobi kuwa mantawa suke yi, su tsaya cik suna jiran a sake danna su, ke kuma kina can wurin aiki. Ga shi allon ba ya jure wutar da ke hawa da sauka, kuma idan ya ƙone gyaransa wahala.

Kalmomi huɗu ne a jikin maɓallin, ku kwafe su a littafinku. OFF shi ne a kashe. LOW ƙaramin zafi ne, dahuwar awa bakwai zuwa takwas. HIGH babban zafi ne, kamar awa huɗu. WARM na riƙe ɗumin abincin da ya riga ya dahu ne, ba a dafa ɗanye da shi.

Karanta gindin tukunya

Ki kifa gangar ƙarfen, za ki ga wata 'yar takarda ko tambari mai lambobi. Ki nemi lambar da harafin V ke biye da ita. Wutar Najeriya 230V ce, saboda haka abin da kike nema shi ne 220-240V. Idan kika ga 110V ko 120V, ta Amurka ce. A can ne irin wannan tukunya ta yi suna, tun da aka fito da ita da sunan Crock-Pot a 1971, shi ya sa ake yawan samun nasu a cikin kayan gwanjo. Tana iya zama mai kyau, tangaran ɗinta kamar sabo, amma kina jona ta a soket ɗinmu za ta ƙone, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta, wanda shi ma kuɗi ne. Wasu sukan yanke filoginta su sa irin namu mai baki uku, to canza filogi bai canza cikinta ba. Lambar za ki gaskata.

Lamba ta biyu ita ce mai harafin W, wato ƙarfin wutar da take sha. Yawancinsu tsakanin 150W da 300W suke, ƙasa sosai da dutsen guga ko butar lantarki. Ta uku mai harafin L ce, wato lita. Mai lita 3.5 ta ishi mutum uku zuwa huɗu. Gidan mutum shida zuwa takwas sai mai lita 6 ko 6.5. Kada a ce babba ta fi kawai, domin ana so a cika ta daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. Abinci kaɗan a babbar tukunya bushewa yake yi. Mai siffar ƙwai ta fi ɗaukar kaza guda ko dogon ƙashi.

A shago

Ga yadda cinikin zai iya kasancewa. Mutum biyu su tashi su karanta.

"Salamu alaikum. Malam, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Me za a ba ki?"

"Wannan tukunyar, mai lita shida. Ɗan fito mini da ita daga kwali."

"Ai sabuwa ce dal, Hajiya, ba sai an buɗe ba."

"Gani ya kori ji, Malam. Buɗe mu duba, ka kuma jona mini ita."

Da ya fito da ita, ki ciro tangaran ɗin ki ɗaga shi a haske, ki shafa cikinsa da yatsa. Tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ki ajiye, domin zafi zai buɗa ta, kuma samun wani tangaran daidai da gangar ba abu ne mai sauƙi ba. Ki ɗora murfin ki ga ya zauna daram, ba ya rawa, tunda tururin da yake tsarewa shi ne rabin dahuwar. Ki duba wayar ba ta da ɗauri ko ƙuna. Bayan minti biyar da jonawa gefen gangar ya kamata ya ɗauki ɗumi. Sannan ki karɓi rasidi mai sunan shago da kwanan wata, a rubuta kwana nawa aka ba ki na dawowa da ita idan ta ƙi aiki. Maganar baki ba ta isa ba.

Da kin kai gida, kafin ki zuba nama, ki gwada ta da ruwa zalla. Ki zuba ruwa rabi, ki rufe, ki sa a LOW na tsawon awa takwas. Ruwan ya kamata ya yi zafin da hannu ba ya taɓawa, yana tururi sosai. Mai ma'aunin zafi zai ga kusan digiri 85. Idan ɗumi kawai ya yi irin na ruwan wanka, ki mayar da ita tun kwanakin rasidi ba su ƙare ba.

Wajen aiki da ita

Kada a zuba naman da ya daskare daga firiza, a bari ya saki tukuna. Ruwa kaɗan ake sawa, domin ba ya ƙonewa kamar a murhu. A daina buɗe murfi ana leƙawa, kowace buɗewa tana ƙara lokacin dahuwa. Wake a jiƙa shi, a tafasa shi sosai minti goma a kan wuta kafin a juye a ciki. Jan waken nan mai siffar ƙoda dole ne a yi masa haka, don yana da wani guba da sai tafasa mai ƙarfi ke kashewa. Ganye da kuka da kuɓewa a ƙarshe ake sa su. Tangaran mai zafi ba a zuba masa ruwan sanyi, ba a kuma ɗora shi a kan gas. Gangar ƙarfen gogewa ake yi da tsumma bayan an zare filogi, ba a tsoma ta a ruwa.

Lissafi

Wat 1,000, wato 1,000W, na awa ɗaya shi ne yunit ɗaya a mita. Tukunya mai 200W ta yi awa 8: 200 × 8 = 1,600. A raba da 1,000, ya zama yunit 1.6. A ce ana sayar muku da yunit ɗaya naira 210, dahuwar ta ci naira 336.

Aikin gida

1. Tukunya mai 250W ta yi awa 6. Yunit nawa ta sha? Nawa ne kuɗinsa a farashin da ke kan rasidin mitarku?
2. An kawo miki tukunya mai lamba 120V da araha. Rubuta jimla biyu da za ki faɗa wa mai sayarwa.
3. Rubuta lokutan kawo wuta da ɗaukewa a gidanku daga Asabar zuwa Juma'a, ki zo da takardar aji mai zuwa.